Minti Sittin a Kurkukun Waziri: Raddi Ga Masu Cewa Wasan Banza Ne

Makonni uku da suka wuce na gayyaci wani dattijo shirina na daren Asabar. Tsohon malamin makaranta ne, marubucin waƙoƙi, mutumin da nake ganin girmansa tun ina ɗalibi. Batun da muka ɗauko shi ne abin da ya kashe tatsuniya a gidajenmu. Muna cikin hira sai ya buga tebur, har mai kula da sauti ya ɗago kai ta bayan gilashi, ya ce ai babu abin da ya kashe ta illa wasannin kwamfuta, wasan banza da Nasara ya ƙirƙiro don ya raba jika da kakarsa. Nan take waya ta fara ruri, daga Ambassatna, daga Diguel, har daga Kusseri a tsallaken kogi, kowa na cewa Malam ya faɗi gaskiya. Ni kuwa na yi abin da aka koya mana a makarantar aikin jarida: na danne ra'ayina, na gode wa baƙo, na saki kiɗa. Na koma gida maganar na tokare da maƙoshina. To, a nan babu agogon situdiyo a kaina, don haka zan amayar da abin da na haɗiye. Malam, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, amma a wannan karon ka yi kuskure. Kuma da yawa daga cikin marubutanmu suna tare da kai a cikin kuskuren.

Hujjata wasa ɗaya ce tak, wasan da ya girme ni da 'yan watanni: Prince of Persia, wato Yariman Farisa, wanda ya fito a 1989. Ni ban gan shi ba sai wajen 2001. Kawuna yana da ɗan shago ba nisa da Babbar Kasuwa, inda ake buga wa mutane takardun neman aiki da na koke da na cinikin fili. Kwamfutoci biyu ne a ciki, dukansu 'yan gwanjo daga Turai, farar fatarsu ta koma ruwan ƙasa saboda ƙura. Da azahar, idan rana ta take N'Djamena har kwalta na neman narkewa, manya su tafi cin abinci da ƙailula, a bar ni da ɗan kawuna mu yi gadin shago. Idan an yi sa'a akwai wuta, sai mu ja ƙofa, mu rage ƙarar lasifika. Wani daga cikin masu buga takardun ne ya zo da wasan a kan ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da yaran yanzu ba su taɓa gani ba. Ba mu san wanda ya yi shi ba, ba mu jin Turancin da ke fitowa a farkonsa, kuma ba mu damu ba. Abin da ake nufi a bayyane yake.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda yake. Sarki ya tafi yaƙi a wata ƙasa mai nisa, ya bar gari a hannun wazirinsa Ja'afar. Wazirin ya shiga ɗakin gimbiya, ya ɗaga hannu, agogon yashi ya bayyana a gabanta: ko ta aure shi, ko ta mutu idan yashin ya gama zuba. Saurayin da take so kuwa, wani baƙo da ko suna ba a ba shi ba, an jefa shi can ƙasan kurkuku. Kai ne wannan saurayi. Kana ganinsa daga gefe, kamar an tsaga ginin biyu ana leƙawa, yana gudu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ba ka da ko sanda. Sai ka bi lungu-lungu ka tsinci takobi kusa da ƙasusuwan wani da ya riga ka shiga bai fita ba. Daga nan sai tsinin ƙarfe masu tsirowa daga ƙasa, da daɓen da ke girgiza ya rufta da kai, da wasu haƙoran ƙarfe masu haɗuwa su raba mutum biyu, da dogarai, da tuluna na magani waɗanda wani ya ƙara maka rai, wani ya rage. Hawa goma sha biyu kafin ka isa ga waziri.

Abin da ya fi komai ba mu tsoro shi ne agogon. Minti sittin aka ba ka, na gaske, irin na agogon bango. Idan ka mutu za a mayar da kai farkon hawan da kake, amma lokacin da ya tafi ya tafi. Kana iya mutuwa sau hamsin, ba wanda zai hana ka, sai dai kowace mutuwa daga cikin ran gimbiya ake cire ta. Mu kuma a shagon kawu muna da agogo uku a kanmu: na waziri, da na dawowar kawu, da na masu ɗauke wuta, wanda shi ba ya ba da sanarwa. Sau nawa muna hawa na tara ko na goma, hannu na rawa, allo ya yi baƙi ƙirin, fanka ta tsaya, mu zauna muna kallon juna cikin gumi.

Yanzu Malam, ina roƙonka ka ajiye kwamfutar gefe, ka saurari labarin kaɗai. Sarki ya fita yaƙi. Mugun waziri ya samu fili. Akwai matashin da ake so a hallaka kafin sarki ya dawo. A ina ka taɓa jin wannan? Ai kai da kanka ka koyar da shi shekara da shekaru. Shi ne ginshiƙin littafi na ɗaya na Magana Jari Ce: Sarki Abdurrahman ya fita fagen fama, waziri na ƙulla makirci, Musa na neman fita daga gida, aku na riƙe shi da labari dare bayan dare. Har ƙaramar halittar da ke ceton babba tana nan. A Magana Jari Ce aku ne, a wasan kuwa ɓera ne: a hawa na takwas ƙofar ƙarfe na rufe ka a wani ɗaki, babu mafita, sai ga ɗan farin ɓeran da gimbiya ta aiko ya taka maɓallin da ke buɗe ta. Ranar da muka fara ganin haka ihu muka yi har mai shayin ƙofar shago ya leƙo. Da a tatsuniyar kaka ɓeran ya fito, da ka ce hikima ce, ka ce ana nuna wa yaro kada ya raina ƙarami. Da ya fito a allo sai ya zama banza?

Za ka ce ai wannan na Bature ne, wancan namu ne. To, bari mu bi asalin kowanne. Wanda ya yi wasan, Jordan Mechner, ɗan Amurka, bai ɓoye cewa daga Dare Dubu da Ɗaya ya ɗebo duniyar labarinsa ba, littafin da aka fassara zuwa Hausa tun zamanin Turawan mulki, iyayenmu suka san shi kafin a haifi Mechner. Shi kuma Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa, daga ina ya ɗebo nasa? Daga wannan Dare Dubu da Ɗaya ɗin, da Kalila wa Dimna, da labaran akun Indiya da Farisa, da tatsuniyoyin Jamus, ya tattaro ya sa musu rawani da babbar riga, ya koya musu Hausa har suka fi mu iyawa. Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar 1933, tafiyar neman ruwan magani ce daga wannan haɗari zuwa wancan, kowane gari da irin tarkonsa. Iliya Ɗan Maiƙarfi da muka taso muna jin kamar ɗan unguwarmu ne, asalinsa jarumin tatsuniyar Rasha ne, Ahmadu Ingawa ya mai da shi namu. Ba mu taɓa zagin waɗannan bayin Allah don sun yi aro ba. Rijiya ɗaya suka ɗebi ruwa su da Mechner. Gugan ne ya bambanta.

Na san amsa ta gaba, don na ji ta a bakin masu kira a wannan daren: littafi na koyar da darasi, wasa kuwa sara da suka ne kawai. A nan ne nake so a ba ni lokaci, don a kan wannan gaɓar na fi jin haushi.

A hawa na huɗu wani babban madubi na tare maka hanya. Ba ya buɗuwa, ba ya fashewa da takobi. Dole ka ja da baya, ka sheƙo da gudu, ka yi tsalle ta cikinsa. Kana fita ta wancan gefe, sai wani abu mai kamarka sak, amma baƙi kamar inuwa, ya fita ta gefen da ka baro ya ruga a guje, ƙarfinka kuma ya zube saura ɗigo ɗaya. Daga nan wannan inuwa ta zame maka ƙarfen ƙafa. A hawa na biyar kana hango tulun maganin da zai ƙara maka rai, kafin ka isa ta zo ta shanye a gabanka. A hawa na shida ka yi tsalle ka kama bakin gini, kana lilo a kan rami, ta tako a hankali ta taka maɓalli, ƙofa ta sauko, ka faɗa. Ban taɓa tsanar wani abu a rayuwata ta yarinta kamar yadda na tsani wannan inuwa ba. Ɗan kawuna har tofa wa allo yawu ya taɓa yi.

Sai hawa na goma sha biyu, ga ka ga ta, ta zare takobi. Duk abin da wasan ya koya maka cikin hawa goma sha ɗaya shi ne wanda ya zare maka takobi ka sare shi. Ka kai mata sara, sai ka ga kai ma jininka ya ragu. Ka sake, ya sake raguwa. Idan ka kashe ta, kai ma ka faɗi matacce. Mun yi kusan wata guda a wannan wuri, Malam. Babu intanet da za mu tambaya, babu littafin bayani, babu babban da za mu tunkara don a ɓoye muke yi. Muka gwada saurin sara, muka gwada kare kai har ta gaji, ba ta gajiya. Wata rana, don tsabar gajiya da takaici, na danna maɓallin da ke mayar da takobi kube, abin da a gaban kowane dogari kashe kai ne. Sai ita ma ta mayar da nata. Muka tsaya. Na matsa gare ta, ta matso, muka haɗe muka zama mutum ɗaya, allo na walƙiya. Bayan nan akwai wani rami mai faɗin da ba ya tsallakuwa, babu gada, sai ka rufe ido ka taka iska, daɓe ya riƙa bayyana a ƙarƙashin ƙafarka.

Ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu a lokacin. A makarantar allo da ta dare an sha gaya mana cewa babban abokin gabar mutum na cikin ƙirjinsa, an sha yi mana wa'azin haɗiye fushi, kuma gaskiya ne, kuma na haddace. Amma haddacewa daban, yatsanka ya yi wata guda yana neman ɗaukar fansa sannan ya gano da kansa cewa fansar ce ke kashe shi daban. Littafi zai iya ba ni labarin wani da ya mayar da wuƙarsa kube, in yaba masa, in juya shafi. A nan ba wanda zai mayar da ita sai ni, kuma labarin ba zai motsa ko taku ɗaya ba sai na yi. Wannan wata hanya ce ta ba da labari da alƙalami ba shi da ita, makirufon da nake ci da shi ma ba shi da ita. Marubucin da ya kalli wannan ya ce banza ne, bai kalla ba ne, ko kuwa kishi ne ke cinsa.

Abin da zai ba ka mamaki, talauci ne ya haifi inuwar. Mechner ya yi wasan ne a kan kwamfutar Apple II, wadda duk ƙwaƙwalwarta ba ta kai nauyin hoto ɗaya da wayarka ke ɗauka yau ba. Don motsin yariman ya yi kama da na mutum, sai ya sa ƙanensa David ya sa fararen kaya yana gudu da tsalle, ya ɗauke shi a bidiyo, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana kwafe su. Faɗan takobin kuma ya duba shi daga wani tsohon fim ɗin Robin Hood na 1938. Wannan motsi mai kyau ya cinye wurin ajiyar, babu sauran inda za a zana abokin gaba. Abokiyar aikinsa Tomi Pierce ta yi ta matsa masa cewa wasa babu faɗa ba zai yi armashi ba. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauki zanen yariman kansa ya ɗan gurɓata shi da wata dabarar lissafi, ya samu abokin gaba ba tare da ya ci wuri ba. Daga baya ya samu inda ya cusa dogarai, amma inuwar ta riga ta zama zuciyar labarin. Kiɗan kuma mahaifinsa Francis ne ya tsara. Aikin gida ne, na mutum ɗaya da ƙanensa da ubansa, na shekara uku zuwa huɗu. Da ya fito ma bai yi kasuwa ba da farko, sai da aka mai da shi kan wasu na'urorin ya bazu a Turai da Japan, har kwafensa na sata ya gangaro shagon kawuna.

Kada a ɗauka na zo wanke wasan ne tas. Akwai abin da yake damuna a cikinsa, kuma da Malam ya kawo waɗannan da na miƙa masa hannu a gaban makirufo. Ɗauki sunan wazirin. Ja'afar ɗan Yahaya Barmaki mutum ne na gaske, wazirin Halifa Haruna Rashid a Bagadaza, daga gidan da ya yi suna wajen kyauta da riƙon malamai, wanda halifan ya sa aka kashe a shekarar 803. A cikin Dare Dubu da Ɗaya shi ne mai hankalin da ke rakiyar halifa yawon dare, yana kwantar masa da zuciya. Fim ɗin The Thief of Bagdad na 1940 ya mai da shi mugun matsafi, wasan nan ya gaji haka, kamfanin Disney ya ƙara hatimi a Aladdin na 1992. Yau ka ce Ja'afar a gaban yaro a ko'ina a duniya, mugu mai gemu yake gani. Farisar da ke cikin wasan ma ba Farisar kowa ba ce, Gabas ce irin ta mafarkin Bature, ta rawani da labule da wuƙa. Gimbiya kuwa tana zaune tana kallon yashi, in ban da ɓeran da ta aiko, alhali littafin da aka aro labarin daga cikinsa mace ce, Shaharzad, ta ceci kanta da matan gari da bakinta. Da aka zo yin fim ɗin Yariman Farisa a 2010, Jake Gyllenhaal aka ɗauko, Ba'amurke fari, aka ce shi ne yariman.

Duk na yarda. Amma wa ya hana mu? Wani ya zo ya ɗebi ruwan rijiyarmu ya dama furarsa yadda yake so, mu kuma muna zaune a gindin bishiya muna cewa fura ba abinci ba ce. Ku dubi labarin Bayajida: baƙo daga Bagadaza, ya ratso Borno, ya tsere daga makirci, ya tsaya wajen maƙera a Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura da dare, ga rijiyar Kusugu, ga macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Har tsintar makami kafin babban faɗa yana ciki. Kuma matar da ke ƙarshen wannan labari ba zaman jiran ceto take ba, Daurama ce, ita ke mulkin garin. Ku dubi Gandoki a ƙasar aljannu. Ku dubi mutanen Sao da ake ba mu labarinsu a nan bakin Chari, ƙattin da aka ce suna saɓa giwa a kafaɗa, ga tukwanensu can a Gaoui, tafiyar 'yan mintuna daga inda nake zaune. Yaron N'Djamena ya san sunan kowane dodo na Japan, bai san waɗannan ba. Wasan ba shi da laifi a nan. Laifin na waɗanda suka san labaran ne suka ga cewa ƙasƙanci ne su zauna da yaron da ya iya kwamfuta.

Batun ɓata lokaci ma ba zan musa ba, don jikina shaida ne. Ranar da kawu ya dawo da wuri ya tarar da wani dattijo tsaye a ƙofa da takardarsa a hannu yana ta sallama, mu kuwa muna can muna fama da wani ƙwarangwal da ba ya mutuwa sai an tura shi rami, ga la'asar ta wuce ba mu yi ba, ya ce, "Kai da na bar wa amana?" Bai ƙara ko kalma ba, bulalar ce ta ƙarasa bayanin. Ya yi daidai. Amma irin wannan dukan na sha shi a kan ƙwallo, na sha shi a kan wanka a kogi, yayata ta sha nata a kan littafin soyayya da ta ɓoye cikin littafin lissafi. Ba a ce a rufe kogi ba.

Inda jahiltar abin ke da haɗari na gaske shi ne nan: wanda ya ce duk wasa banza ne ba zai iya bambance mai guba da marar guba ba. Yariman Farisa na da ƙarshe. Awa ɗaya, ka ci ko a ci ka, ya sallame ka. Bai taɓa neman ko sisi a hannunmu ba bayan an kunna shi. Yawancin abin da ke cikin wayoyin yaranmu yau an gina shi ne don kada ya ƙare, yana kiranka da tsakar dare, yana ba ka kyautar ƙarya, yana sayar maka da rai na gaba da kuɗin katin waya. Daga nan zuwa shagunan cacar ƙwallo da suka cika manyan titunanmu taku ɗaya ne, kuma ina ganin samarin da ke tsaye a ƙofarsu kullum idan na taso aiki. Uban da ya san wasa zai ɗauki wayar ɗansa ya ce wannan labari ne, ci gaba, wannan kuwa tarko ne, goge shi. Uban da ya yi wa duka kuɗin goro zai yi ta faɗa, yaron ya koma bayan gida ya yi wanda ya fi muni, kamar yadda muka ja ƙofar shago.

Tatsuniya kuwa, Malam, mu faɗa wa juna gaskiya. A gidanmu ta mutu tun kafin in taɓa kwamfuta. Ta mutu ranar da kakata ta rasu, babu wanda ya ɗauki wurinta a tabarma. Iyayenmu mata suka koma fim ɗin Indiya da na Kano, iyayenmu maza suna majalisa har dare ya raba, gidan haya ɗaki biyu ya maye gurbin babban gida. Yau uwa na riƙe da wayarta, uba na riƙe da tasa, sai a juyo a ce yaro ne ya gudu. Ni da nake magana, wace rana na zaunar da 'ya'yan yayata na yi musu Gizo da Ƙoƙi? A rediyo nake yi, don ana biyana.

Wannan raini ma ba sabo ba ne, kuma marubuta ne ya fi kamata su gane warinsa. Lokacin da su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka cika kasuwa da littattafai, me aka kira aikinsu? Adabin kasuwar Kano, cikin yatsina. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano. Yau a jami'o'i ake rubuta kundin digiri a kansu. Fim ma haka ya sha. A nan Chadi gidajen silima mutuwa suka yi ɗaya bayan ɗaya, har Mahamat-Saleh Haroun ya yi fim a kan haka a 1999, ba wanda ya kula. Da ya ciyo kyauta a Cannes a 2010 sai kowa ya tuna cewa ɗanmu ne, aka gyara silimar Normandie aka sake buɗe ta. Kullum sai an tafa wa abu a waje muke yarda cewa abu ne. Abin takaici, waɗanda aka raina jiya su ne a sahun gaba wajen raina na yau.

Wani zai ce ina wuta, ina kuɗi, ina intanet, a ƙasar da aka taɓa toshe shafukan sada zumunta wata goma sha shida, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Uzuri ne mai ƙarfi, ni ma a cikinsa nake rayuwa. Sai dai a Yawunde, nan maƙwabta, wasu matasa ƙarƙashin Olivier Madiba sun kafa Kiro'o Games, suna fama da irin ɗauke wutar da muke fama da ita, suka fitar da Aurion a watan Afrilun 2016. Shi ma daga gefe ake kallonsa kamar Yariman Farisa, labarin wani yarima da matarsa da aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu, kuma tare suke faɗan, ba a bar ta a ɗaki tana kallon yashi ba. Tufafi da sunaye da kiɗa duk daga nahiyar nan aka ɗebo. Wayar da ke aljihun ɗalibin sakandare a Farcha ta ninka kwamfutar Mechner sau dubbai. Yaran da suka iya sarrafa ta suna nan, ina haɗuwa da su, suna gyaran waya a bakin kasuwa, suna haɗa bidiyon biki. Abin da ba su da shi shi ne labari da wanda zai tsara musu shi, wato mu. Mu kuwa muna can muna gardamar ko ƙafiyar wane ta karye.

A 2012 mahaifin Mechner yana share ɗaki ya ci karo da wani kwali, ya aika wa ɗansa. A ciki akwai faya-fayan da ke ɗauke da ainihin rubutun wasan, waɗanda aka ɗauka sun ɓata shekara da shekaru. Masana suka taru suka ceto abin da ke ciki, aka ɗora a intanet kyauta don duk mai son koyo ya duba. Namu faifan ya tafi a watan Fabrairun 2008, lokacin da yaƙi ya shigo har tsakiyar gari muka bi gadar Nguéli da ƙafa zuwa Kusseri. Da muka dawo shagon a buɗe yake, babu kwamfuta, babu ko kujera. Ban yi kukan faifan ba, akwai abin kuka da ya fi shi a wannan makon. Amma nakan tuna da shi duk lokacin da na shiga ɗakin ajiyarmu a wurin aiki na ga kaset-kaset na muryoyin tsofaffin da suka riga mu, masu tatsuniya da masu waƙa, zafi na narkar da su a cikin kwali.

Ranar Lahadin da ta wuce na samo wasan na ɗora a kwamfutar aikina, na zaunar da 'yar yayata mai shekara goma. Ta yi dariyar zanen, ta ce kamar an yi shi da ashana. Minti biyar bayan nan ta daina dariya. Da haƙoran ƙarfen suka kama yariman ta rufe ido da hannu biyu. Ta tambaye ni, "Kawu, me ya sa ita gimbiyar ba za ta fito ta taimake shi ba?" Na ce mata akwai wata sarauniya a Daura da ba ta jira kowa ba, ta ce in ba ta labarin, na ba ta, karo na farko a kan tabarma ba a situdiyo ba. Yanzu tana hawa na huɗu, ta tsallake madubi, ta fara tsanar inuwa, kuma na yi rantsuwa ba zan gaya mata sirrin ba.

Malam, na bar maka saƙo wajen ɗanka. Ranar Asabar mai zuwa zan zo da kwamfutar gida bayan la'asar, na caje ta tun safe saboda masu ɗauke wuta. Awa ɗaya kawai nake roƙo. Maɓallan kibiya huɗu ne da wani guda na takobi, ni zan nuna maka.